Ciwon bugun zuciya: yadda nake zaune da shi a Tawa

Ni ɗan kasuwar albasa ne, haifaffen Tawa, na ba shekara hamsin baya. Aikina in sayi albasa a gonakin Galmi da Tamaske da Keita, a cika buhuna, a loda wa kamyo, in bi kaya har Abijan ko Kumasi. Sana'a ce ta tsayuwar rana da kwanan hanya, tun ina saurayi nake yin ta kuma jikina bai taɓa hana ni ba sai da wannan ciwo ya zo. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne mutanen da nake tararwa a layin asibiti, ƴan Adar irina, waɗanda aka ba su maganin tsinka jini iri ɗaya da nawa amma ba su san abin da yake yi musu ba. Da yawansu da zarar ƙirji ya lafa sai su ajiye shi, alhali nan ne hatsarin yake.

Ciwon nawa ya fara ne da zuwa da tafiya. Ina zaune lafiya lau, sai in ji abu ya tashi a ƙirjina kamar kazar da aka yanka tana shure-shure. Ba sauri kaɗai ba ne, rashin tsari ne: bugu biyu a manne, sai shiru, sai uku a guje, sai ɗaya mai ƙarfi da nake ji har a wuya. Wani lokaci ƴan mintoci, wani lokaci ya ɗauki rabin yini. In ya sake ni sai fitsari ya matsa mini, sai kuma wata gajiya da ba ta yi daidai da aikin da na yi ba. A hankali numfashi ya shigo ciki. Hawa bayan kamyo in duba lodi, abin da nake yi ba tare da tunani ba, ya zama sai na tsaya na dafa ƙarfe na huta. Da dare na koma ƙara matashin kai, don in na kwanta shimfiɗe sai tari ya tashe ni.

A gida kowa da fassararsa. Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce iska ce na gamu da ita a kwanan daji. Abokan kasuwa suka ce tunanin bashi ne, don shekarar albasa ta ruɓe mana a hanya. Wani ya ja ni gefe ya ce an yi mini hannu. Na sha rubutu, an yi mini tofi, an turara mini hayaƙi, kuma duk wanda ya kawo da zuciya ɗaya ya kawo. Addu'a har gobe ban bar ta ba. Sai dai bugun bai fasa zuwa ba.

Da na je ƙaramin asibitin unguwa, majo ya auna tansiyon ya ce lafiya lau. Aka tura ni inda ake awon zuciya na takarda, wanda suke cewa ECG, aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, takarda ta fito ba abin da ta nuna. Aka ba ni maganin ƙarin ƙarfi aka ce in huta. Ban ga laifinsu ba, domin awon nan daƙiƙoƙi kaɗan yake ɗauka, in ciwon bai tashi a wannan lokacin ba sai zuciya ta fito kamar ta kowa. Abin da ya taimake ni ƙanena ne. Wata rana bayan la'asar abin ya taso mini a rumfa, ya kalle ni ya ce, "Yaya, tashi mu tai yanzu, tun bai kwanta ba." Ya goya ni a babur. Wannan karon takardar ta kama shi. Wani matashin likita ya duba, ya ce bugun ya kusa 150 a minti, ya rubuta haruffa huɗu a saman takardar: ACFA, gajeren sunan da suke ba wannan rikicewar bugu a faransanci. Daga nan ya sa na kwanta ta ɓarin hagu, ya ɗora abin sauraro ƙarƙashin nonona, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya ɗago ya ce, "Alhaji, bayan bugun akwai wata ƙara da nake ji. Ina so likitan zuciya ya gan ka a Yamai, kada ka bari wata ya kama." Ya ba ni ƙwayar rage saurin bugu da takardar turawa.

Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Badagishiri da Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Na sha bin hanyar nan da kaya, amma bin ta da ciwo daban ne. Na sauka a Bukoki wurin ɗan yayata, shi ya riƙa kai ni yana dawo da ni, shi ne kuma mai fassara in faransancin asibiti ya fi ƙarfin wanda na koya a lakwal. Ga mai shirin irin wannan tafiya, ya zo da duk takardun da aka taɓa ba shi da kwalayen duk maganin da yake sha, ya kuma sa a ransa ba kwana ɗaya zai yi ba. Ganin likita randebu ne, kowane awo da nasa randebu, sakamako ma da ranarsa.

Likitar da ta gan ni mace ce, ba ta kai ƙanwata shekaru ba, Baba take ce mini. Ta fara da sa a ɗaura mini wata ƴar na'ura da ake kira Holter, mai rubuta bugun zuciya awa 24 ba tsayawa. Aka aske gashin ƙirjina wuri-wuri, aka goge da alkol, aka manna ƴan faifai masu waya, na'urar kuma aka rataya mini ita a wuya ƙarƙashin riga. Aka ce ba wanka, alwala dai ba laifi. Aka ba ni takarda in riƙa rubuta lokacin da na ci abinci, na hau bene, na kwanta, da lokacin da na ji bugun ya tashi. Zafin Yamai ya sa gumi ya riƙa ɓamɓare faifan, cikin dare sai da ɗan yayata ya tashi ya ƙara musu filasta yana haska ni da fitilar salula, yana cewa, "Kawu, kada ka juya ta dama." Abin da na'urar ta nuna ya ba ni mamaki: ciwon ya tashi har a lokutan da ban rubuta komai ba, har ina barci. Ashe ba duk tasowarsa nake ji ba.

Sai awon jini, ciki har da na ƙoda da na maƙoƙo, don wai ƙwayar maƙoƙo in ta cika aiki tana iya rikita bugun zuciya. Nawa suka fito lafiya. Sai hoton zuciya, wanda suke cewa eko. Na kwanta a ɗaki mai duhu, ta shafa mini wani ruwa mai sanyi da yauƙi, tana goga kan na'ura tsakanin haƙarƙarina, ina jin ƙarar jinina daga cikin akwatin. Da ta gama ba ta sallame ni ba, ta jawo takarda ta zana.

Ta ce zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke ba da umarnin bugu da ƴar wutar lantarkin da jiki ke yi da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti in mutum na hutawa. A wurina ɗakunan sama sun daina jiran wannan umarni, wutar tana tashi ta ko'ina fiye da sau 300 a minti, sai su riƙa karkarwa maimakon su matsa jini. Ɗakunan ƙasa kuma su bi abin da ya iso gare su ba tsari, shi ne abin da nake ji. Ga mutane da yawa tsufa ne ko hawan jini ke jawo haka. Ni kuwa tushen nawa ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama na hagu da na ƙasa ce, wadda ake kira mitral. Ta lafiyayye faɗinta santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne, tawa ba ta kai 2 ba. Jini na taruwa a bayanta, ɗakin ya buɗe ya yi girma, huhu ya cika, shi ya sa numfashi ke gagarata.

Sai ta tambaye ni ko ina yaro na taɓa yin ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi. Ban tuna ba, sai na kira Inna. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, kana wajen shekara tara ka kwanta, yau gwiwa ta kumbura gobe idon sawu, muka ce sanyin ƙashi ne. Wuyan kuma wanzami ya cire maka beli." Likita ta gyaɗa kai. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaron yara, galibi ƴan shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta da penisilin ba, garkuwar jikin wasu yaran sai ta juya ta far wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓi su warke, ƙofar zuciya kuwa ta yi tabo, tabon ya yi ta tsukewa shiru shekara ashirin, talatin, arba'in. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, akasarinsu a ƙasashe matalauta, har babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Ban gaya wa Inna duk wannan ba, domin a ƙauyen da muke a lokacin ta yi abin da kowace uwa ke yi. Amma a gidana yau yaro ba ya kwana biyu da zazzaɓi da zafin haɗiya ba a kai shi asibiti ba, kuma na hana a kai jikokina wurin wanzami saboda wuya. Allura ɗaya ko ƙwayoyin kwana goma sun isa su tare abin da ni zan ɗauka har kabari.

Ni da na je, bukatata a tsayar mini da shure-shuren nan. Ita kuwa abin da ya dame ta daban ne. Ta ce, "Baba, bugun da ke ba ka tsoro za mu iya rage shi. Abin da ni nake tsoro ba ka jin sa." Ɗakin da ke karkarwa ba ya kore jini duka, sai wani ya kwanta a lungunsa ya daskare. Ranar da gudan jinin ya ɓalle, hanya a buɗe take har ƙwaƙwalwa, sai mutum ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan rikicewar bugu ya ninka sauran mutane wajen sau biyar a hatsarin shanyewar jiki, in kuma da tsukewar ƙofa irin tawa abin ya zarce haka. Maganin tsinka jini yana rage hatsarin da kusan kashi biyu cikin uku. Nan take na tuna wani dillali da muka yi shekaru muna ciniki, wanda ya riƙa kukan faɗuwar gaba kafin wata safiya a tarar da shi baki a karkace, hannu ba ya ɗaguwa. Muka ce iska ta buge shi. Allah kaɗai ya san abin da ya same shi, amma ban daina tunaninsa ba.

Aka sa ni kan magani iri uku. Bisoprolol da safe don rage saurin bugu, Lasilix don fitar da ruwan da ke taruwa a huhu, sai Sintrom da dare don tsinka jini. Na farko da na biyu mutum yana jin aikinsu a jikinsa cikin ƴan kwanaki. Na ukun ba ka jin komai, ka sha ko ba ka sha ba, kuma shi ne mai wahalar riƙo. Ƙwayar miligiram 4 ce, fara, an tsaga ta gida huɗu don a iya karyawa. Ba a ce wa kowa ga adadinka a rana ɗaya, sai an yi ta gwadawa da awon jini da ake kira INR. Na mutumin da ba ya shan magani wajen 1 ne. Ni ana so nawa ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa da 2 jini na iya daskarewa, in ya haura sosai mutum na iya zubar da jini, har a cikin kai. A farko, kafin ƙwayar ta kama, allura aka riƙa yi mini a fatar ciki, ana ɗibar jini duk bayan ƴan kwanaki, shi ya tsawaita zamana a Yamai. Sannu a hankali aka koma mako-mako, yanzu kuma duk wata, kuma ba a wuce wata ko da komai na tafiya daidai.

Adadina ya tsaya a kan kashi uku cikin huɗu yau, rabi gobe. Karya ƙwayar nan ba wasa ba ne, in hannu da gumi sai ta marmashe. Mai ɗakina ce ta karɓi aikin. Bayan isha'i takan shimfiɗa farar takarda a kan faifai, ta ɗora ƙwayar, ta danna da babban yatsa ta rabe biyu, ta sake raba ɗaya, ta miƙo mini nawa, ragowar ta mayar cikin gidansa ta naɗe. Sannan ta ja layi a karnen da aka ba ni, inda ake rubuta kwanan wata da sakamakon awo da adadin da likita ta ce. Ba ta yi boko ba, amma ta san 2 ta san 3, in na dawo daga labo tun daga zaure take tambaya, "Alhaji, nawa ya ba da?" Dokar da aka kafa mana ita ce in dare ya wuce ba a sha ba, ba a ninkawa washegari, a rubuta a gaya wa likita.

Wani abokina da ke zaune a Faransa ya ce akwai sababbin ƙwayoyi irin su Xarelto da ba sa bukatar awon wata-wata, har ya ce zai riƙa aiko mini. Na yi murna na kai wa likita maganar. Ta ce ga masu rikicewar bugu da ƙofarsu ke lafiya, waɗannan suna da kyau in aljihu zai ɗauka. Ga mai tabon ƙofa irina kuwa, wani babban bincike da aka fitar a 2022 kan marasa lafiya fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka ya nuna waɗanda ke kan tsohon maganin sun fi tsira da rai. Sai na haƙura da nawa. Wani kuma a majalisa ya ce ai maganin ɓera ake ba ni. Na tambaya, aka ce da ƙamshin gaskiya: ɗan'uwan maganina, warfarin, a 1948 an fara sayar da shi a Amurka don kashe ɓeraye, a 1954 aka amince a ba mutane, shekara ɗaya bayan haka aka ba shugaban ƙasarsu da ya yi ciwon zuciya. Bambancin yana ga adadi da awo. Na faɗi wannan ne don na ga wanda irin wannan magana ta sa ya watsar da maganinsa.

Maganin nan ya shiga kusan duk harkokina. Sinadarin da yake yaƙa da shi, bitamin K, yana cikin ganye: zogale, rama, tafasa, alayyafo, kabeji, salad. Na zaci za a hana ni su, aka ce a'a, in ci yadda na saba, kada dai in yi mako ban taɓa ganye ba sannan in wuni kan kwaɗon zogale. Duk da haka karnena ya nuna damina, lokacin da ganye ya cika gari awon yakan sauka sai an ɗan ƙara mini. Miyar kuka ta kullum ba ta dame ni ba tunda ba ta canzawa. Aspirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu tallan magani ke yawo da su a tire suna ba duk mai ciwon baya, sun haramta gare ni, sai paracetamol, shi ma ba a kwana ana sha ba. Flagyl da Bactrim da muke sha da zarar ciki ya ɓaci suna iya harba awon sama. Allurar tsoka ba a yi mini. Jiƙe-jiƙen gargajiya na bari, don ba wanda ya san yadda za su haɗu da ƙwayar. Wanzamin da ke yi mini ƙaho duk shekara tun zamanin mahaifina, da kaina na je gidansa na yi masa bayani don kada ya ɗauka raini ne. Asuwaki na koma mai taushi. Ko haƙori za a cire mini sai an sanar da likitar zuciya tukuna. Shayi kuwa, likita ba ta hana ni ba, ni na lura kofin farko mai ɗaci da goro a kan yunwa suna tayar mini da bugu, sai na koma jiran na uku.

Ranar da na ga amfanin duk wannan tsari ita ce da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a wata damina. Na yi kwanaki ba na iya cin komai, ga amai ga gudawa. Da na je asibiti karnen na fara miƙawa kafin in buɗe baki, don maganin zazzaɓi ma akwai wanda ke taɓa bugun zuciya, kinin na cikinsu. Aka zaɓa mini wanda ya dace. Ina fara samun sauƙi sai na ga jini a bakina da asuba, ga wani baƙin tabo faffaɗa a cinyata ban bugu da komai ba. Mai ɗakina ta ce ba za mu jira ranar awo ba. INR ya haura 5. Likitan Tawa ya kira ta Yamai a gabana, suka ce in tsallake shan daren nan, a sake awo washegari, a rage adadi har in koma cin abinci. Suka ce in na ga baƙin bayan gida, ko jan fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, ko na faɗi na bugu a kai, in taho ko tsakar dare ne. Cikin mako awon ya dawo mazauninsa.

Azumi ma sai da aka zauna a kansa. A shekarun da na fara jinya ya faɗo cikin bazara, ga zafin Tawa da ke wuce digiri 40, ga maganin fitar da ruwa. Ƙishirwa mai tsanani tana tayar da bugun. Shekarar farko likita ta ce kada in ɗauka, na je wurin malaminmu ya karanto mini sauƙin da Allah ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara. Na ji nauyin abin ƙwarai, ban taɓa shan azumi ba tun balagata. Da jikina ya daidaita ta yarda in gwada, aka mayar da maganin safe lokacin sahur, na fitar da ruwa bayan shan ruwa, Sintrom yana nan a lokacinsa na dare, aka ƙara awo ɗaya a tsakiyar wata. Sharaɗin shi ne in bar rana, in kuma jiri ko bugu ya taso in karya ba gardama. Wannan tsarina ne ni kaɗai, na wani sai likitansa.

Kuɗi kuwa ba ƙwayar ce ke cin su ba, kewayenta ne: awon kowane wata, eko, kuɗin mota zuwa Yamai da dawowa, da kwanakin da kasuwa ke tafiya ba ka nan. Akwai watan da za ka je labo a ce ruwan awon ya ƙare, sai ka nemi wani wuri. A ƙarshen 2023, da aka rufe iyakoki kaya suka daina shigowa ta Kwatano, na zaga farmasi bayan farmasi babu maganina, sai ɗan yayata ne ya samo a Yamai ya ba direba. Wani mai shago ya ce ga wani mai aiki iri ɗaya, na ƙi karɓa, don an gargaɗe ni cewa canza irin maganin tsinka jini kamar fara awo ne daga farko. Tun lokacin ba na bari kwalin ƙarshe ya buɗe ban tanadi wani ba. Ni Allah ya hore mini abin yin haka. Matar da muke haɗuwa da ita a layin awo, daga wani ƙauye bayan Keita take zuwa, sai ta sayar da akuya take iya biyan mota da labo, in ta ɓace wata biyu na san dalili. Irin su ne ya kamata a kai wa na'urar awon nan kusa, a asibitocin gundumomi, domin ba wa mutum wannan ƙwaya ba tare da hanyar awo ba jefa shi cikin wani hatsarin ne.

Yanzu bugun ya daina zuwa da tafiya, ya zauna dindindin. Na tambayi likita ko ba za a mayar da shi daidai da wutar lantarki ba, kamar yadda na ji ana yi wa wasu. Ta ce ana yi, amma da girman da ɗakin zuciyata ya yi da ƙofar da ke a tsuke, ba zai daɗe ba zai koma. Don haka aka bar shi ba tsari, ana dai riƙe saurinsa. Abin mamaki, zamansa ya fi mini sauƙi a kan lokacin da yake faɗo mini ba sallama. Kowace safiya bayan sallah nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga minti cikakke da agogo, don ƙirgen rabin minti ba ya ba da gaskiya ga bugun da ba ya tafiya daidai. In ya zarce 110 ina zaune, ko ya sauka ƙasa da 50 da jiri, sai in kira. Na bar bin kamyo zuwa gaɓar teku, babban ɗana ke yi, ni ina rumfa da salula. Ina zuwa masallaci da ƙafa, ina zuwa gona da sanyin safiya, gishiri da dunƙulen miya an rage a tukunyar gidan gaba ɗaya. Na tara iyalina har da yaran rumfa na koya musu abu uku: in suka ga bakina ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko ɗura mini ruwa, a sa ni mota zuwa asibiti, karnen yana aljihun gaban rigata.

Saura maganar ƙofar. Duk shekara ana sake eko a ga inda ta kai. Likita ta ce in ta tsuke zuwa 1.5 ko ƙasa, numfashi kuma ya ƙara gagara, za a yi zancen buɗe ta. Akwai hanyar zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya a hura ƴar balan-balan ta buɗa ƙofar, in tabon bai yi tauri da yawa ba kuma babu gudan jini a ɗakin. In ba ta yiwu ba sai tiyata a sa wata ƙofar, in ta ƙarfe ce kuma Sintrom ya zama na har abada da awo mai tsauri fiye da na yanzu. Awon bana ya nuna ta ɗan ƙara tsukewa amma ba ta kai can ba. Ta ce in je a duba mini haƙora, don ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta ta sauka kan ƙofar, ta kuma matso da randebuna zuwa wata shida maimakon shekara. Ni da ƙannena mun fara ware wani abu daga cinikin kowane kamyo saboda ranar, kuma na sa a sabunta mini fasfo ko da aikin zai kai mu waje.